Ƙarfe ya yi wa ɗana mai sikila yawa: me yake yi wa hantarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni uwa ce daga Unguwar Rogo a nan Jos. Ɗana mai shekara 17 yana da sikila, kuma tun yana ƙarami ake yi masa ƙarin jini, na tabbata ya haura leda 20. A watan jiya an yi masa wani gwaji wai shi feritin, ya nuna 2,300. Likitansa ya ce sinadarin ƙarfe ya yi masa yawa, hantarsa na cikin haɗari, mu daina ba shi tonik ɗin ƙarin jini. Abin ya ɗaure mini kai. Yaron da kullum ake cewa ba shi da jini, ta yaya ƙarfe zai yi masa yawa? Sannan wata maƙwabciyata ta kawo mini wasu ƙwayoyi masu ɗan karen tsada, ta ce antioksidan ne, suna wanke hanta. In saya masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Likitansa ya faɗa miki gaskiya. Ki ajiye tonik ɗin tun yau, ki kuma riƙe kuɗinki, kada ki sayi ƙwayoyin nan. Kuɗin zai fi miki amfani wajen gwaji da maganin da zan ambata a gaba. Amma tunda abin ya ɗaure miki kai, bari in warware shi daga tushe, don uwar da ta san dalili ita ke iya tsayawa idan dangi da maƙwabta sun zo dubiya kowa da tasa shawarar.

Ƙarancin jini daban, ƙarancin ƙarfe daban, ko da yake a wajen yawancin mutane tare suke tafiya. Mai cikin da ba ta samun nama da ganye, da yaron da tsutsar ciki ke shanye wa jini, da matar da al'adarta ke zuba da yawa, su jininsu ya yi ƙasa ne saboda ɓargo ya rasa ƙarfen da zai ƙera jajayen ƙwayoyin jini. In aka ba su ƙarfe, jini ya hau. Mai sikila kuwa ɓargonsa na aiki ba dare ba rana, sai dai abin da yake ƙerawa ba ya daɗewa. Ƙwayar jinin lafiyayye takan yi kwana 120 tana zagayawa, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 ta fashe. In ta fashe, mafi yawan ƙarfen da ke cikinta ba ya barin jiki. Akwai ƙwayoyin da aikinsu ke nan, su haɗiye matacciyar, su ciro ƙarfen, su mayar wa ɓargo. To kin ga ɗanki ba kayan aiki ya rasa ba. Tonik ko kwalba nawa ya sha ba zai ƙara wa ƙwayar sikila kwana ɗaya ba.

Yanzu ga lissafin. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum giram 3 zuwa 4 ne, kusan kashi biyu cikin uku yana cikin jini. Daga abincin yini guda, hanji yana tsotsar miligiram 1 zuwa 2 kawai, kuma kwatankwacin haka ke fita ta hanyar fatar da ke saɓulewa da ƙwayoyin bangon hanji da ke zubewa, ga mata kuma a haɗa da jinin al'ada. Iyakarta ke nan. Ƙoda tana fitar da rarar gishiri, tana fitar da rarar bitamin C, amma jiki ba shi da wata hanya ta zubar da rarar ƙarfe. Ita kuwa ledar jini guda tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250, abin da hanji zai yi watanni yana tsotsa. Leda 20 ta kai giram 4 zuwa 5, wato an ɗora masa fiye da abin da jikin babban mutum ke ɗauke da shi gaba ɗaya. Shi ya sa muke fara sa ido tun daga leda 10 zuwa 20.

Ba aibata ƙarin jinin nake yi ba. Sau da yawa shi ne tsakanin yaro da kabari, kuma in likita ya ce ana bukata gobe, a yi. Sai dai yana zuwa da nasa bashin, kuma hanta ke fara biya.

Dalili shi ne jiki ba ya yarda ya bar ƙarfe sakaka. A cikin jini akwai wani furotin mai suna tiransfarin, shi ke goyon ƙarfe yana kai shi ɓargo, kuma a lafiyayye kashi 20 zuwa 45 cikin 100 na gurabensa ne kawai ke cike, sauran a buɗe suke don ko ta kwana. A cikin ƙwayoyin jiki kuma akwai feritin, wani ƙoƙo ne da ke iya kulle ƙwayar zarra ta ƙarfe har 4,500, shi ne wanda aka auna ɗan abin da ya tsiyayo daga gare shi a jinin ɗanki. Hanta ce babbar ma'ajiyar feritin, ita ke ƙera tiransfarin, ita ce kuma ke fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda sai a wajen 2000 zuwa 2001 aka gano shi. In ƙarfe ya wadata, hanta ta saki hefsidin, shi kuma ya hana hanji tura ƙarin ƙarfe cikin jini. Tsari ne mai kyau, amma jinin da aka ɗaura ta jijiya ba ya bi ta hanji, don haka hefsidin ba shi da ta cewa a kansa. Da farko ƙarfen zai taru a cikin ƙwayoyin nan masu haɗiye matattun ƙwayoyin jini, waɗanda ke da yawa a hanta da saifa. In sun cika ya malala. Da zarar guraben tiransfarin sun cika kamar kashi 75 cikin 100, sai a fara samun ƙarfen da ba kowa ke riƙe da shi ba yana yawo a jini, kuma hanta ce ke saurin kwashe shi ta cusa a cikin ƙwayoyinta.

Wannan sakakken ƙarfen shi ne mai ɓarna, kuma a nan ne maganar antioksidan ta shigo. Kowace ƙwayar halitta tana ƙona abinci da iskar oksijin don samun kuzari, kuma a cikin aikin ana samun ɓurɓushin wasu sinadarai masu kaifi. Ɗaya daga cikinsu kin san shi, haidirojin feroksaid, ruwan nan da ake zuba wa gyambo ya yi ta kumfa. Kumfar aikin wani sinadarin kariya ne mai suna katalas da ke cikin jini da tsoka, yana farfasa feroksaid ɗin ya mayar da shi ruwa da iska. Haka yake yi a cikin hanta kullum, ba tare da mun sani ba. Amma idan feroksaid ya yi karo da sakakken ƙarfe kafin katalas ya kai gare shi, sai ya rikiɗe ya zama wani abu da ake kira haidiroksil. Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Ingila mai suna Fenton ne ya fara lura da ƙarfin wannan haɗuwa a ɗakin gwaji a 1894, har yau da sunansa ake kiranta. Haidiroksil ba ya jira. Duk abin da ya tarar kusa da shi, bangon ƙwaya ne, furotin ne, ko kundin gado na DNA, nan take zai ɓata shi, kuma jiki ba shi da wani sinadari da aka ware don kama shi.

Inda ya fi yin ta'adi shi ne bangon ƙwayar hanta, domin da kitse aka gina shi. In ya taɓa kitse guda, wannan ya lalace ya taɓa na kusa da shi, abin ya yi ta bi a jere. Bitamin E yana zaune a cikin bangon, shi ke katse jerin, amma in ya katse sau ɗaya ya gaji, sai bitamin C ya farfaɗo da shi, shi kuma bitamin C ya dogara ga gulutatayon. Gulutatayon shi ne babban makamin hanta, da kanta take ƙera shi daga furotin ɗin da muke ci, kuma babu gaɓar da ta kai ta yawansa. Akwai kuma wani mai aiki tare da shi wanda ba ya motsi sai da sinadarin saleniyam. Waɗannan duka su ne ake kira antioksidan. Galibin aikin waɗanda jiki ke ƙerawa da kansa ne ke yin sa, na cikin abinci 'yan taimako ne.

Ga inda gizo ke saƙa. Sinadaran kariya suna ƙarewa a wajen aikin, shi kuwa ƙarfen ba ya ƙarewa. In ya gama guda sai ya koma yadda yake ya sake, shekara da shekaru. Shi ya sa in aka auna jinin mai yawan ƙarfe akan tarar bitamin E da bitamin C da gulutatayon sun yi ƙasa, alamun lalacewar kitse kuma sun hau. A Afirka ta Kudu an daɗe da ganin maza masu yawan ƙarfe suna zuwa asibiti dasashinsu na zubar da jini, ƙashinsu ya yi rauni, saboda ƙarfen ya cinye musu bitamin C. A 2012 ma masana a Amurka suka ba wata irin mutuwar ƙwayoyin halitta suna na musamman, ferotosis, wadda ke faruwa daidai lokacin da ƙarfe ya rinjayi gulutatayon. To maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba da ta ce hantarsa na bukatar kariya. Kuskuren yana wajen maganin. Kamar ɗakin da kwanonsa ya huje ne a tsakiyar daminar Jos: tsumma yana da amfani, amma ko dila guda kika sayo, muddin ba a hau sama an toshe hujin ba, ruwan watan Agusta zai ci gaba da zuba.

Idan ƙwayoyin hanta suka yi ta mutuwa, wasu ƙwayoyi da ke kwance a tsakaninsu, waɗanda a da aikinsu ajiye bitamin A ne, sai su farka su fara saƙa tabo. Tabo kan tabo, a hankali hanta ta taurare, ta yi ƙulli-ƙulli, jini ya kasa ratsa ta. Wannan shi ne ƙeƙashewar hanta, sirosis, kuma a kansa ne kansar hanta ta fi tsirowa. Abin tsoron shi ne shirun da take yi. Mutum zai yi shekaru yana cin tuwonsa yana zuwa makaranta, gwajin aikin hanta ma ya fito lafiya ko ya ɗan ɗaga kaɗan, alhali tabon na ƙaruwa. Kafin a ga ciki ya tara ruwa, ƙafa ta kumbura, ko aman jini, aikin gama ya kusa gamawa. Ga mai sikila kuma akwai ƙarin ruɗani: idonsa dama yakan yi ɗorawa saboda fashewar jini, don haka ba za ki dogara da launin ido ki ce hanta lafiya ko ba lafiya ba. Abin farin ciki, in aka cire ƙarfen kafin ta ƙeƙashe, ɓarnar takan tsaya, wani tabon ma yakan ragu.

Ba hanta kaɗai ba ce. Ƙarfe kan sauka a zuciya, da fankiriyas mai samar da insulin har ya jawo ciwon suga, da ƙullin da ke kula da girma da balaga. A masu sikila dai hanta ce kan sha kashi tun kafin sauran.

Hantar da ke fama da ƙarfe ba ta jure bugu na biyu, kuma a ƙasar nan masu bugun suna da yawa. Na farko ciwon hanta nau'in B da C. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da nau'in B, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa dole a gwada shi duka biyun. An sa rigakafin nau'in B cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, don haka mai yiwuwa ɗanki ya samu, amma ki duba katinsa, in babu a yi masa. Na biyu gyaɗa da masara masu fumfuna. Suna ɗauke da guba mai suna afulatoksin, ba ta mutuwa da dafuwa ko suya, kuma in ta haɗu da nau'in B haɗarin kansar hanta na ninkuwa. Gyaɗar da ta yi baƙi ko ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita. Na uku farasitamol. Mai sikila ba ya rabuwa da maganin ciwo, kuma farasitamol da gulutatayon hanta ke sarrafa shi. In an sha daidai ƙa'ida ba matsala, amma babban mutum lafiyayye ma bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, mai matsalar hanta kuwa akan tsayar masa a ƙasa da haka. Ki lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa na kemis suna da shi a ciki, sai yaro ya sha biyu ko uku a tare bai sani ba. Sannan jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka haɗa ba, a wannan halin ki nisanta shi da su ko wa ya kawo.

Game da lambar 2,300. Feritin na lafiyayyen namiji ba ya wuce 300, kuma daga 1,000 ne muke maganar fara cire ƙarfe. Amma feritin yana da hali guda: yana tashi da zazzaɓin cizon sauro, da tashin ciwon sikila, da kowane irin kumburi ko ciwon hanta, ko da ƙarfe bai yi yawa ba. Galibin mutanen da feritin ɗinsu ya hau a gwajin yau da kullum ba yawan ƙarfe ke damunsu ba. Saboda haka a maimaita gwajin lokacin da yake cikin ƙoshin lafiya, makonni bayan ciwo ya lafa, a haɗa da gwajin cikar tiransfarin, a kuma dubi inda lambar ta dosa a cikin watanni. Sai dai in gaya miki ra'ayina ƙarara: yaron da ya sha leda sama da 20 kuma feritin ya nuna 2,300, zai yi wuya a ce zazzaɓi ne kawai. Ma'auni mafi inganci shi ne hoton MRI na musamman da ke auna ƙarfen hanta. Lafiyayya ba ta kai miligiram 2 a kowane giram na busasshiyar hanta ba, daga 7 haɗari ya fara, daga 15 ya tsananta. Ba kowace na'urar MRI aka shirya wa wannan awon ba, ki tambayi likitansa ko sashen masu cutar jini na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo inda za a samu. Sikanin ɗin ciki da aka saba yi ba ya nuna ƙarfe, don haka in an ce sikanin ya nuna lafiya, ba a wanke hantar daga zargi ba.

Maganin gaskiya shi ne wanda ke kama ƙarfen ya fitar da shi ta fitsari ko bayan gida, kuma guda uku ne. Mafi daɗewa shi ne deferoksamin, tun shekarun 1960 ake amfani da shi. Ana ɗaura shi da 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ciki, awa 8 zuwa 12, dare biyar zuwa bakwai a mako. Fitsari yakan koma ja-ja, alamar ƙarfe na fita ke nan. Yana aiki, amma samun saurayi ɗan shekara 17 da zai jure allura kowane dare sai an tona. Deferifiron ƙwaya ce ta sha, amma takan karya fararen ƙwayoyin jini, don haka sai da gwajin jini akai-akai, kuma zazzaɓi na zuwa a tsayar a tafi asibiti. Wanda aka fi ba masu sikila yanzu shi ne deferasiroks, da aka amince da shi a Amurka a 2005, sau ɗaya a yini. Akwai wanda ake narkawa a ruwa a sha kafin karin kumallo da rabin awa, akwai na haɗiya. Yana bukatar gwajin ƙoda da hanta duk wata, da duba ji da gani duk shekara. Ranar da yaro ke amai, ko gudawa, ko zazzaɓi mai zafi, a dakata da shi a kira likita, domin in jiki ya bushe yakan taɓa ƙoda. A kuma yi hattara da haɗa shi da magungunan ciwo irin su dikulofenak da ibufurofen. Kada ki sa ran ganin canji a wata guda, abin da ya taru a shekara goma yakan ɗauki shekara ɗaya, biyu ko fiye kafin ya sauka. Maganin yana da tsada, ba na ɓoye miki. In aljihu ya gaza ki faɗa wa likitan ya san yadda zai tsara, ya fi a riƙa raba ƙwaya biyu a ɓoye ana zaton ana magani.

Wani zai ce miki a yi masa ƙaho a zuƙe mataccen jini. A'a. Gaskiya ne masu yawan ƙarfe da ba su da ƙarancin jini ana ɗibar musu jini a asibiti, leda guda ta fitar da abin da leda guda ke shigarwa. Ɗanki ba shi da jinin da za a ɗiba, abin da ƙaho ke fitarwa bai taka kara ya karya ba, kuma askar da aka yi wa wani aiki da ita hanya ce ta ɗaukar nau'in B da C.

Daidai da cirewa, a rage shigarwa. Ki yi magana da likitansa kan haidiroksiyuriya idan ba ya sha. Yana rage tashin ciwo da bukatar ƙarin jini, kuma binciken da aka yi a Kano kan yara masu sikila ya nuna amfaninsa wajen kare su daga shanyewar ɓarin jiki. In dole sai an yi ta ƙarin jini, akwai musanyen jini, a cire nasa a sa wani, wanda ba ya tara ƙarfe kamar ɗaurawa kawai. Ki kuma san ma'aunin yawan jininsa, wato PCV, na lokacin da yake lafiya. Masu sikila da yawa suna rayuwarsu a kan ma'aunin da in aka gan shi a jikin wani za a ruga neman jini, kuma a ƙananan asibitoci akan ɗaura musu leda don lambar kawai. Ki sayi ƙaramin littafi, duk ƙarin jini ki rubuta rana da yawan leda, duk feritin ki rubuta. Likitoci na canzawa, fayil na ɓata, littafin uwa ba ya ɓata.

Mu koma kan ƙwayoyin maƙwabciya. An gwada bitamin E da makamantansa a kan masu yawan ƙarfe. Alamun lalacewar kitse a jini sukan ɗan sauka, amma ƙarfen na nan inda yake. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa masu ciwon hanta iri-iri, ba a ga ƙwayoyin antioksidan sun rage mutuwa ba. Kuma ba a ce don abu na kariya ne yawansa ba ya cutarwa ba. A Finlan, a 1994, mashaya taba da aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi waɗanda ba a ba ba kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. A 2011 wani babban gwaji a Amurka ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara wa maza haɗarin kansar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Ƙwayoyin kurkum da na tataccen koren shayi, waɗanda ake yawan tallatawa da sunan wankin hanta, su kansu an tabbatar suna jawo wa wasu ciwon hanta. Kurkum na cikin miya ba shi ake nufi ba, tataccen na cikin kwalba ake nufi.

Wanda na fi jin tsoro a wajen ɗanki shi ne bitamin C mai yawa, irin na miligiram 1,000 da ake jefawa a ruwa yana tafasa. Yana ƙara wa hanji tsotsar ƙarfe, yana tayar da wanda ke kulle, kuma yana cikin abubuwan da ke mayar da ƙarfe siffarsa mai ɓarna. An samu masu yawan ƙarfe da zuciyarsu ta taɓu ta wannan hanya. Ko masu amfani da deferoksamin da ake ba bitamin C da gangan, ba a wuce miligiram 200 a yini ga babba, kuma sai magani ya yi wata guda yana aiki. Sannan da yawa daga cikin haɗe-haɗen bitamin na kasuwa akwai ƙarfe a ciki. Ki juya kwalbar, in kin ga an rubuta iron, ferrous, ferric ko Fe, ba nasa ba ne. Folik asid ɗinsa kuwa ya ci gaba da sha, babu ƙarfe a ciki, sai dai ki tabbata ba wanda aka haɗa da ƙarfe na masu ciki aka ba ki ba.

A wajen abinci kada ki takura masa. Masu sikila dama ba su cika ƙiba ba, kuma abin da abinci ke ƙarawa kaɗan ne in aka kwatanta da leda. Kina zaune a garin da ya fi ko'ina kayan lambu. Kuɗin kwalba guda ta waɗancan ƙwayoyi zai cika miki kwando a Farin Gada da kabeji, karas, tumatir, koren tattasai da alayyafo. Gwaten acca mai ganye, wake, ƙwai, kifi, gyaɗa mai kyau, lemo da gwaiba a ci su yadda Allah ya yi su, duk suna ba hanta abin da take ƙera kariyarta da shi. Zogale a kwaɗo ko a miya ba laifi, ƙarfen ganye kaɗan hanji ke iya tsotsa. Abin da za a daina shi ne ɗura masa gasasshiyar hanta da ƙoda kullum da sunan ƙarin jini, domin ƙarfen nama ya fi saurin shiga. Shayi kuma abokinsa ne. Baƙin shayi in aka sha shi tare da abinci yana rage tsotsar ƙarfen hatsi da ganye da fiye da rabi, kuma a sanyin Jos ba sai an roƙe shi ba.

Tunda ba ke kaɗai za ki karanta wannan ba, ba masu sikila kaɗai abin ke samu ba. Akwai na gado, wanda aka gano ƙwayar gadonsa a 1996, yana kama kusan mutum 1 cikin 200 zuwa 300 a Turawan arewacin Turai, amma wannan nau'in ba kasafai ake ganinsa a baƙar fata ba. Namu na Afirka tun 1929 aka bayyana shi a Afirka ta Kudu, kuma an danganta shi da giyar gargajiya da ake dafawa a gangunan ƙarfe. Tsamin giyar na narkar da ƙarfen ganga, mai sha ya haɗa guba biyu a ƙoƙo ɗaya. Duk inda ake dafa burkutu a tsohon duro, wannan gargaɗin ya shafe su. Sai magidantan da ke shan tonik shekara da shekaru wai don ƙarin kuzari, da masu zuwa kemis a yi musu allurar ƙarfe ba gwaji. Namiji baligi da jininsa ya yi ƙasa, abin nema shi ne ta ina yake zuba.

Kada kuma wata mai ciki ta karanta wannan ta watsar da jar ƙwayar da aka ba ta a awo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa kashi 68. Su ƙarfe magani ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid.

Sauran tonik da jajayen ƙwayoyin da ke gidanki, Hajiya, ki ɗauke su daga kan madubi ki kulle, musamman in akwai ƙanne ko jikoki. Ƙwayar nan mai santsi kamar alewa tana ɗauke da ƙarfe miligiram 65, kuma guda 10 sun isa su halaka yaro mai nauyin kilo 10. Yakan fara da amai da gudawa, wani lokaci da jini, sannan ya lafa na wasu awoyi har a ce ya warware, bayan kwana biyu ko uku hanta ta tsaya. In yaro ya haɗiye su, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti nan take, ko da yana wasa.